Daga Gombe Zuwa Tsibiran Maldibs: Yadda Ake Shirya Tafiyar, Tun Daga Fasfo Har Jirgin Ruwa

A ƙasan adakar kakarmu a Jekadafari akwai wani ƙullin tsumma mai ɗauke da wuri, cikin tafi guda. Muna yara mun ɗauka kayan wasa ne, ita kuwa takan ce da irinsa iyayenta suka sayi gishiri. Sai da na girma na san cewa yawancin wurin da ya zama kuɗi a kasuwannin ƙasar Hausa daga wasu ƙananan tsibirai na Tekun Indiya aka kwaso shi, kudu maso yamma da Indiya da Siri Lanka. Su ne tsibiran Maldibs. Shi wuri ya sha hannun fatake kafin ya iso mu. Kai kuwa yau kwana ɗaya da 'yan sa'o'i sun isa su kai ka inda ya fito.

Ƙasar tsibirai ce kusan 1,200, amma waɗanda mutanen ƙasa ke zaune a kai ba su wuce 200 ba. Jama'arta rabin miliyan ne da 'yan kai, Musulmi ne, babban birninsu Male, kuma sun karɓi 'yanci daga Ingila a 1965. Babu dutse, babu tudu; wuri mafi tsayi da Allah ya halitta a ƙasar bai kai mita 3 daga saman teku ba. Abin da ya kamata mutumin Gombe ko Bauchi ya sa a ransa tun yanzu shi ne wannan: mu mun saba in jirgin sama ya sauke mutum, saura mota. A can, in ka wuce Male da maƙwabtanta, galibi babu titi tsakanin gari da gari. Ruwa ne. Duk shirin tafiyar a kan jirgin ruwan ƙarshe yake tsayawa, don haka daga nan za mu fara mu dawo baya.

Zaɓi tsibiri kafin ka taɓa tikiti

Masauki iri biyu ne. Akwai tsibirin da otal guda ya mamaye gaba ɗayansa, wato irin ɗakunan nan da ake gani a Instagram an kafa su a kan ruwa. Kwana ɗaya a irin su ɗaruruwan daloli ne, wani ma ya haura dubu, kuma ba ka da wata kasuwa ko gidan abinci sai nasu. A irin nan ne doka ta yarda a sayar wa baƙi giya da naman alade, saboda haka in can ka nufa, sai ka riƙa tambaya kafin ka ɗebi abinci.

Na biyu shi ne ƙananan masaukai a tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune, waɗanda gwamnati ta ba da izinin buɗewa a 2009. Kafin nan mai ƙaramin ƙarfi ba shi da hanyar zuwa. Tsibirai irin su Maafushi, Gulhi, Fulidhoo, Rasdhoo, Ukulhas, Thoddoo da Dhigurah duk suna da su. Akwai masallaci, akwai kanti, akwai makarantar yara, babu giya ko ɗigo. A ganina mai iyali daga wajenmu nan ya fi dacewa da shi, ba don sauƙin kuɗi kaɗai ba. Uwargida za ta fita da hijabinta ba wanda zai waiwaye ta, kai kuma kiran sallah zai tashe ka da asuba kamar kana Pantami.

In zuwanka na farko ne, zaɓi tsibiri na kusa. Maafushi bai kai kilomita 30 daga Male ba. Masu nisa sai an ƙara da jirgin sama na cikin gida ko irin mai sauka a kan ruwa, wanda tsadarsa kan kai rabin wani tikitin, kuma ba ya tashi in rana ta faɗi.

Da ka sami masaukin da ya kwanta maka, kada ka biya tukuna. Tura musu saƙo ta WhatsApp da tambayoyi uku: ƙarfe nawa jirgin ruwa na ƙarshe ke barin filin jirgin sama zuwa tsibirinku, nawa ne kuɗin mutum ɗaya, kuma yaya tsarin yake ranar Juma'a? Amsar da suka ba ka ita za ta zaɓa maka tikiti.

Wane wata

Zafinsu ɗaya ne shekara duka, wajen digiri 30 da rana, da gumi mai danƙo. Iska ce ke raba shekarar biyu. Daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da mu ke fama da hunturu har zuwa bazara, sararinsu garau ne kuma teku a kwance, amma farashi a sama, musamman ƙarshen Disamba. Daga Mayu zuwa Nuwamba daminarsu ce: masauki ya yi sauƙi, teku ya yi fushi, kuma ana iya soke jirgin ruwa ba sanarwa. Wanda bai taɓa hawa ko kwalekwale a Dadin Kowa ba, ya nemi Fabrairu ko Maris. Da azumi gidajen abinci na tsibiran 'yan ƙasa a rufe suke da rana, lokutan jiragen ruwa ma sukan sauya.

Takardu

Fasfo dai sananne ne. In naka ya kusa ƙarewa, sabunta shi tun da wuri a ofishin shige da fice na jiharka, ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka sun yi daidai da na lambar NIN, domin nan ne mutane suka fi maƙalewa. Ya kasance da sauran aƙalla wata shida a jikinsa ranar tafiya, don kauce wa gardama da ma'aikatan kamfanin jirgi.

Biza ba a nemanta daga nan. A filin jirginsu ake buga wa mai yawon buɗe ido izinin kwana 30, kyauta. Sai dai kyauta ba ta nufin ba tambaya. Jami'in zai so ganin tikitin komawa, da shaidar masauki mai rajista da aka riga aka kama na dukkan kwanakin, da alamar cewa kana da abin kashewa. Mai koren fasfo ya san yadda ake yi mana kallo biyu a filayen jiragen duniya, don haka ka buga komai a takarda ka sa a fayil guda: tikiti, rasidin masauki, bayanin asusun banki na 'yan watanni, da katin wurin aiki ko takardar rajistar kasuwancinka. Kada ka dogara da waya. Caji kan ƙare daidai lokacin da aka ce nuna.

Sai katin rigakafin cutar shawara, wanda kowa ke kira yalo kad. Najeriya na cikin ƙasashen da ake neman wannan shaida daga matafiyansu. Ana yin rajista a intanet, a biya ta Remita, sannan a je ofishin Port Health, kamar na filin jirgin Abuja ko na Kano, a yi allurar a karɓi katin. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, to kada ka bar ta sai ranar tafiya. Sau ɗaya ake yi a rayuwa. Wanda ya ce zai kawo maka kati har gida ba allura, rabu da shi. Na gaske yana da lambar da ake dubawa a na'ura.

Na ƙarshe, fom ɗin IMUGA na hukumar shige da ficensu. Ana cika shi a intanet cikin sa'o'i 96 kafin isa, a ɗora hoto da bayanan fasfo da sunan masauki. Ba a biyan ko sisi. Duk shafin da ya nemi lambar katin bankinka don wannan fom, ba nasu ba ne.

Tikiti, da darasin da na saya da kuɗina

Babu jirgi kai tsaye daga Najeriya. Daga Abuja ana bi ta Doha da Qatar Airways ko ta Istanbul da Turkish Airlines. Daga Legas akwai Emirates ta Dubai. A wurin bincike rubuta MLE, ita ce alamar filin jirgin Velana, sunan ƙasar kuma za ka gan shi a rubuce Maldives. Sayi tikiti guda daga Abuja har Male, kada ka yanka shi gida biyu don neman rangwame, domin in ka yanka za a iya buƙatar ka fita ka karɓi kaya a ƙasar da ba ka da bizarta. Tsakanin Gombe da Abuja kuwa, ko ta filin Lawanti ko ta mota ta Bauchi da Jos da Akwanga, ka isa kwana ɗaya kafin ranar. Jiragenmu na gida ba a ɗaura musu alƙawari.

Agogonsu yana gaban namu da sa'a huɗu, kuma rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan kullum. Nemi jirgin da ke sauka da safe ko kafin azahar.

Ni ban yi haka ba. Na ga tikiti mai sauƙi da ke sauka daren Alhamis, na saya ina murna. Muka fito daga cikin filin da akwatuna, muka ƙetare ɗan titi, sai ga teku baƙi ƙirin a gabanmu, jiragen ruwa na lilo a jikin gaɓa. Uwargida ta duba dama ta duba hagu ta ce, "Maigida, to ina tashar motar?" Jirgin tsibirinmu na ƙarshe ya tafi tun muna sama. Washegari Juma'a, jirgin haya na gwamnati ba ya aiki. Dole muka hau tasi zuwa tsibirin Hulhumale, wanda ke haɗe da filin, muka kama ɗaki a kan farashin da mai shi ya ga dama, alhali ga wani ɗakin can mun riga mun biya yana jiranmu. Rarar da na ɗauka na ci a tikiti ta tafi a dare ɗaya, har da ƙari. Araha ba ta ado.

Abin da ya rage mana zafi shi ne mun bi gadar Sinamale, wadda aka buɗe a 2018, muka shiga Male na yi Juma'a a babban masallacinsu mai ƙubba ruwan zinare. Bayan an sauko muka leƙa tsohon masallacin Hukuru Miskiy, wanda aka gina a ƙarni na 17 da dutsen murjani, irin wanda ke tsirowa a ƙarƙashin teku, an sassaƙe jikinsa kamar aikin ƙwarya. Da la'asar muka sami jirgi mai gudu.

Kuɗi

Kuɗinsu rufiya ne, kuma a farashin hukuma dala ɗaya tana kan rufiya 15 da ɗoriya. Naira ba ta da amfani a can, dala za ka riƙe. Masauki da jirgin ruwa mai gudu da yawon teku duk da dala ake biya. Rufiya kuma ta shayi ce da kanti da jirgin haya. Canja kaɗan a bankin filin jirgi, ka adana rasidin, da shi ake mayar maka da ragowar zuwa dala.

Wajen 'yan canji ka tsaya ka duba takardun ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar bugawa, ko mai yagewa, ko wadda wani ya yi wa rubutu da biro, za a dawo maka da ita cikin murmushi. Ka nemi ƙananan takardu na dala 5 da 10 da 20. In za ka nemi kuɗin guzuri na PTA ta banki, fara da wuri, don sai da fasfo da tikiti ake cika fom ɗin. Tambayi bankinka ko katinka na aiki a waje da iyakar abin da zai iya biya, amma ko ya ce yana yi, kada ya zama shi kaɗai ne madogararka. Tsabar da ta haura dala 10,000 dole a bayyana wa kwastam kafin fita daga Najeriya.

Ga inda ake yi wa baƙo shigo-shigo ba zurfi: farashin da ka gani a intanet sau da yawa ba shi ne na ƙarshe ba. Ana ɗora kashi 10 na hidima, sannan harajin yawon buɗe ido wanda ya koma kashi 17 a 2025, sannan harajin muhalli, dala 6 kan kowane mutum kowane dare a ƙananan masaukai, dala 12 a manyan otal. A ce ɗaki dala 60 ne. Da kuɗin hidima ya zama 66, da haraji ya haura 77, ku biyu kuma harajin muhalli ya kai shi wajen 89. Ka sa su rubuto maka jimilla, har da jirgin ruwa zuwa da dawowa, kafin ka tura komai.

Jaka

Manyan kaya su zauna a gida. Shadda mai sitaci a wannan gumin azaba ce. Ɗauki jallabiya ko kaftani mara nauyi, da riguna na auduga, da silifas, don titunan ƙauyukan rairayi ne. Mata su nemi rigar ninƙaya mai rufe jiki tun daga Abuja ko Kano, da hijabi mai saurin bushewa. Soket ɗinsu galibi irin namu ne mai baki uku, cajarka za ta shiga. Ka sa man kariya daga rana a jaka. Baƙar fata ma tana ƙonewa in rana ta haɗu da ruwan gishiri, na ga wuyana ya yi saɓa kamar maciji. Sai maganin sauro. Ƙasar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro irin namu, amma akwai zazzaɓin dengi, kuma sauronsa da rana yake cizo. Wanda ya baro gida da maleriya a jiki kuwa, ya gaya wa likita daga inda ya fito in zazzaɓi ya tashi.

An hana shiga da giya, naman alade, gumaka, da sigarin lantarki, wanda aka haramta shigo da shi tun ƙarshen 2024. Maganin asibiti ya kasance cikin kwalinsa tare da takardar likita. Ƙulle-ƙullen garin magani na gargajiya da ba rubutu a jiki, bar su, kada ka tsaya yi wa jami'in da ba ya jin Hausa bayanin saiwa. Garin yaji a roba mai murfi da ɗan dabino ba laifi. Goro kuma in ka bar shi ba za ka yi maraici sosai ba: su ma suna da wata ƙwaya mai ɗaci da suke taunawa da ganye bayan cin abinci.

Daga sauka zuwa tsibiri

Da ka karɓi kaya, sayi layin waya a shagon Dhiraagu ko Ooredoo a nan filin, da fasfonka. Kira masaukinka su gaya maka inda jirginku yake. Zuwa Maafushi, jirgin haya na gwamnati wajen dala 2 ne, yana ɗaukar kusan sa'a ɗaya da rabi, amma daga Male yake tashi kuma ba kullum ba. Mai gudu wajen dala 25 ne, ƙasa da sa'a ɗaya, kuma yakan ɗauka daga bakin filin.

Sha maganin hana amai rabin sa'a kafin hawa, kada ka cika ciki. Zauna ta baya, gaba ne ke dukan ruwa. Kafa idonka can inda sama ta haɗu da teku, ka ajiye waya. Fasfo da kuɗi su shiga leda mai zif. In an miƙo rigar ceto, saka, ba ragwanta ba ce.

Zama a cikinsu

Abin da ya fara rikita ni sallah ce. Mu a bakinmu gabas ita ce alƙibla, har mukan ce mutum ya fuskanci gabas. A can Makka tana yamma, ta ɗan karkata arewa. Daren farko na shimfiɗa darduma ina neman mafitar rana, sai uwargida ta nuna mini 'yar kibiya a rufin ɗakin tana kallon bayana. Mazhabarsu Shafi'iyya ce, za ka ji limami ya bayyana bisimilla, kada abin ya dame ka. Kantuna kan rufe na ɗan lokaci in an kira sallah, hutun makonsu kuma Juma'a da Asabar ne. Harshensu Dibehi, ana rubuta shi daga dama zuwa hagu. Sallama da shukuriya da ɗan Turanci sun ishe ka. Ba za ka ji haushin kare ba, ba a kiwonsa a ƙasar. Akwai ɓangaren gaɓa da aka killace wa Turawa masu ƙananan kaya. Tambayi mai masauki ya nuna maka gefen da iyalai ke zuwa.

Abinci kifi ne da kwakwa da shinkafa, safe da yamma. Karin kumallonsu mas huni: kifin tuna da aka marmasa da kwakwa da albasa da barkono, a ci da wata siririyar gurasa mai suna roshi. Garudiya romon kifi ne garau, a zuba a shinkafa a matsa lemun tsami. Da la'asar shiga shagon shayinsu ka nuna 'yan soye-soyen da ke cikin gilashi, da rufiya kaɗan za ka ƙoshi. Kwana uku za ka fara mafarkin tuwo da miyar kuka, a nan garin yajin zai yi ranarsa. Ruwan famfo na teku ne da aka tace, yawancin baƙi na roba suke sha.

Shi kuwa tekun, kyansa ne tarkonsa. Ruwan garau yake har kana ganin yatsun ƙafarka da kifaye na gilmawa, sai ka ɗauka ba zurfi. 'Yan taku kaɗan bayan murjani ƙasa takan yanke lokaci guda, ga igiya mai ja ta ƙarƙashi. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. In ba ka iya iyo ba, faɗa wa mai jirgin yawo ƙarara, za su ba ka rigar ceto su riƙe maka igiya, ka kifa fuska da tabarau na ruwa ka ga abin da ke ƙasa. Kada ka taka murjani: yana yanka kamar reza, kuma abu ne mai rai, takun yana kashe shi. Ƙananan tsibirai ɗan asibitin sha-ka-tafi gare su, babban ciwo sai Male, saboda haka inshorar tafiya mai ɗaukar nauyin jigilar mara lafiya ta cancanci kuɗinta.

Dawowa

Daren ƙarshe ka kwana a Hulhumale ko Male, musamman in jirginka na safe ne ko ranar Juma'a, don iska ɗaya ta isa ta hana jirgin ruwa fita. Tikitin Abuja zuwa Gombe ma ka bar masa tazarar kwana.

Tsaraba ka saye ta a kanti da rasidi: gwangwanin tuna, busasshen kifi da aka like a leda, tabarmarsu mai zane, ko 'yan kwanonin katako masu fenti ja da baƙi. Murjani da ƙoƙon kunkuru an hana fita da su, kuma tsince-tsincen bakin gaɓa na iya tsayar da kai a wurin bincike. Na ga wuri guda a rairayin Maafushi, sak irin na adakar kakarmu, da ɗan tsagin nan mai haƙora a cikinsa. Na ɗauke shi hoto a tafin hannuna na tura wa Hajiya, ta kira nan take tana tambaya ko har yanzu suna sayen abu da shi.